Hanjin Akuyar Wamboga

Wamboga mahauci ne a kasuwar Mbale, mutum mai taurin kai da ko matarsa ta daina gardama da shi. Ya daɗe yana fama da ciwon ƙaba, har an sa masa ranar tiyata, sai ga korona. Asibiti ya ce duk aikin da ba na gaggawa ba a dakata.

"Wato sai na kusa mutuwa za ku san da ni?" in ji shi. Ya ɗaure cikinsa da zane ya koma bakin sana'arsa.

A nan wata 'yar budurwa mai takunkumi ta same shi tana neman hanjin akuya, wai kada a wanke, kada a yanka. Sunanta Nambozo, likita ce mai koyon tiyata. An rufe musu ɗakin aiki, malamai sun koma koyarwa ta waya, hannunta kuwa yana neman mancewa da allura.

Tun daga nan kullum sai ya ajiye mata hanji. Ta yanka, ta ɗinke, ta dawo masa da shi, shi kuma ya ɗura ruwa ya matsa.

"Yoyo yake, 'yata. Ko buhun ayabar matoke ba a yi masa wannan ɗinki."

Haushi ya kama ta, amma ba ta fasa ba. Da 'yan sanda suka rufe kasuwa, ta ƙofar baya ta gidansa ya riƙa miƙa mata, har ranar da ya matsa ya sake matsawa, ko ɗigo babu.

Wata ranar Laraba ƙabar ta shaƙe masa hanji. Aka kai shi asibiti yana amai. Babban likita yana killace, cutar ta kama shi, sai muryarsa a waya. Nambozo ce kaɗai a tsaye, tsoro ya cika ta.

"Baba, ban taɓa yi wa mutum aiki ni kaɗai ba."

"To jiran wa kike? Korona ta hana ni wuƙa, ke ma za ki hana ni? Yanka, yarinya! Hanjina bai fi na akuya ba."

Ta yanka, ta cire inda hanjin ya mutu, ta ɗinke.

Da ya farfaɗo ya gan ta a kansa, idanunta jawur. Da ƙyar ya motsa baki.

"Kawo ruwa in sha," ya ce, "mu gani ko yana yoyo."