Baba Basilla da Takardar 'Yan Gudu

Ƙanin marigayi maigidana mai gyaran takalmi ne. Ya fi shekara ashirin yana zama a jikin katangar filin wasanni, dama da ƙofar shiga, a kan wani benci da bulo ya tokare masa ƙafa ɗaya. Yaran fili Baba Basilla suke ce masa, saboda babbar allurar nan da ba ta rabuwa da aljihun rigarsa. Da yayansa ya rasu, shi ya samo mini aikin wankin rigunan 'yan gudu. Tagar ɗakin wankin tana kallon bencinsa, shi ya sa na san zamansa kamar yunwar cikina.

Mutum ne da ba ya kallon fuska, ƙafa yake kallo. Yaro zai miƙo takalmi, ya juya shi, ya shafa ƙasan da babban yatsa, ya ce, "Wannan yawon gari ya cinye shi, ba gudu ba." Yaron ya yi ta rantse-rantse, shi kuwa ya ci gaba da ɗinkinsa. Idan lokacin salla ya yi, buhu yake rufa wa kayan ya tafi, ko da mai takalmin na tsaye da ƙafa ɗaya.

Autarsa tana cikin 'yan gudun, shekararta sha huɗu. Takalminta ya sha gyara har ba abin da ya rage na asali sai igiya. Ban taɓa jin ya yabe ta ba. Amma duk ranar da ake tsere, da an kira rukuninsu sai in ga zare ya tsaya a hannunsa.

Bara wata malamar jami'a ta zo daga wata ƙasa, tare da tafinta. Ƙasa ƙasa take bi da takarda iri ɗaya, tana son ta gane yadda yara suka riƙi wasa a zuciya. Kowace magana da lamba ɗaya zuwa biyar a gabanta, yaro ya zagaye wadda ta dace da shi, biyar ita ce cikakken tabbaci. A daidai lokacin an ce wa koci ya rage yaran daga talatin zuwa sha biyar. Da ya ga lambobi a jere, sai ya samu sauƙi, ya ce da su zai yi zaɓe. Auta ta faɗo can ƙasa.

Ta same ni ina matse riguna, idonta ya yi ja.

"Inna, cewa fa aka yi a takardar, wai na tabbata baɗi ina cikin masu gudu. Wai kuma babu abin da zai hana ni."

"Ke me kika zagaye?"

"Uku. Duk uku na sa. Ni na san zan kai baɗin ne?"

Ni ma da ni aka ba, abin da zan sa ke nan.

Washegari da hantsi na ga abin da ban saba gani ba. Baba Basilla ya rufe kayansa ba lokacin salla ba, ya shiga fili. Na ɗauki kwandon riguna na bi bayansa, kamar shanya za ni. Malamar da tafinta da koci suna zaune a inuwar rumfar 'yan kallo.

Koci ya ce, "Yau kuma likitan takalma da kansa? Wa ya gudu da kuɗin ɗinki?"

"Kai dai da ka ajiye tumbin nan ka zagaya fili sau ɗaya, da ka san 'yan gudunka ba sai da takarda ba."

Aka yi dariya, har kocin. Sai Baba Basilla ya juya wajen tafinta, ya ce a gaishe masa da baƙuwa, a tambaye ta yaushe za ta koma gida. Ta ce jibi.

"Ta tabbata? Ɗaya zuwa biyar, nawa za ta ba kanta?"

Malamar ta ce biyar ɗin dai da wuya. Ya ce, "To haka muka tarbiyyantar da su. Wanda ya ji maganar iyayensa shi ya faɗi a takardar nan, mai cika baki ya haye."

Bai ambaci 'yarsa ba ko sau ɗaya.

Matar nan mai hankali ce. Ta jawo takardun tana dubawa, ta ce akwai ƙasar da kowane yaro biyar yake sawa, akwai inda ba mai wuce uku, kuma dama irin wannan ta fito nema. Ta kalli koci ta ce takardarta ba ta korar yara ba ce. Sannan ta tambayi Baba Basilla yadda ya kamata a yi tambayar.

Ya ce, "A tambaye su niyya. Niyya tasu ce. A ce, in da rai da lafiya, kana da niyyar ci gaba?"

Sun fi awa guda a kai, shi da tafinta, suna gyara magana ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar aka sake raba wa yaran. Koci kuma, don kunya, ya ɗauko agogonsa ya ce kowa ya zagaya fili sau huɗu.

Auta huɗu ta zagaye a takarda. Koci ya ce, "Ke kuma me ya hana biyar, 'yar Basilla?"

Ta ce, "Ɗayan ba a hannuna yake ba."

Ranar Litinin aka manna sunayen waɗanda aka zaɓa a ƙofar ɗakin wanki, nata ne na shida. Ta ruga ta gaya wa uban. Yana tsakiyar yanka roba, bai ɗago ba, ya ce, "Alhamdu lillahi. Je gida ki gaya wa innarki, tun jiya ba ta ci abin kirki ba."