Dubu Goma da Bakwai a Ƙofar Gidanmu

Zamanin Turawa, ina budurwa a Sabon Birni, wani malamin elementare daga Isa ya ce yana so na. Ni kuwa kaina cike yake da 'yan littattafan da yayana ke karanta mana, inda saurayi kan kwatanta masoyiyarsa da farin wata. Abin da nake jira ke nan. Kalma ɗaya mai daɗi, da na bi shi har Isa da ƙafa.

Ya zo taɗi ranar kasuwa bayan la'asar, bisa keke, wandonsa ya sha guga. Na sa lalle, na fito da tabarma ƙofar gida. Ya dube ni, ya yi gyaran murya, na kasa kunne.

"Kin san dubu goma da bakwai?"

"Ɗiyan wa ne, Malam?"

Bai yi ko murmushi ba. Ya tsinci kara, ya share ƙasa da tafin hannu, ya rubuta lambar. Wai mara ce, ba cika ba. Wai in an raba ta gida biyu ɗaya ya yi saura, gida ukku biyu su yi saura, gida bakwai huɗu su yi saura. Wai tana cikin lambobin da ba su rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, kuma ita ce ta farkon irinsu bayan dubu goma. Na jira ya ce haka sona yake a ransa. Ina! Mutumin nan lambar yake so. Ya duƙa yana zane yana sharewa, baki na motsi, gumi na ɗiga daga hancinsa.

Haka gwaggona ta iske mu, tana dawowa daga kasuwa. A garinmu in namiji ya share ƙasa yana zane yana motsa baki, bugun ƙasa yake yi, sana'ar bokaye.

"La'ilaha illallahu! Kai, mi kake bugawa bisa ɗiyar mutane?"

"Lissafi ne, Gwaggo."

"Awo, duk haka kuke ce mishi!"

Ta sure butar da na aje masa ta sheƙa wa zanen, ta bi da ƙafa tana murjewa. Maƙwabta suka leƙo. Ta juyo ta dube ni, alamar in ina da magana in yi. Da na ce ina son shi, da ta sauko, don ba ta iya ganin hawayena. Sai na dube shi, na ba shi dama ta ƙarshe.

Yana kallon taɓo kamar an yi masa rasuwa. "Saura raba ta gida tis'in da bakwai kaɗai ban gwada miki ba," in ji shi. "Za ni sake daga farko."

Na naɗe tabarmata. "Ka sake a Isa, Malam. Ƙasa ba ta ƙare can ba."

Na ji daga baya ya yi aure. Allah Ya ba baiwar Allah haƙuri.