Kujerar Bayan Kunkuru

Shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka nufi akurki, mu kuma muka taru a filin makarantar unguwarmu ta Samaru muka yi salla, a shekarar ne mota ta kusa ƙone surukata a hannuna. Allah Ya kiyaye, amma har yau in na ji ƙaurin roba sai gabana ya faɗi.

Motar tsohuwa ce, irin wadda ake kira kunkuru, mai inji a baya da ƙofa biyu kacal. Na saye ta a hannun wani malamin jami'a da zai koma garinsu. Aikina kwafar tsofaffin takardun ajami ne, don haka ba ni da gaggawa, ita ma ba ta da ita, muka zauna lafiya. Da batirinta ya mutu na sayo wani a kasuwar Sabon Gari. Ya ɗan fi na da tsawo, amma ya shiga gurbinsa a ƙarƙashin kujerar baya, na mayar da kujera na manta da shi.

Surukata, wadda muke kira Inna, ungozoma ce. Rabin yaran layinmu a hannunta suka faɗo duniya. Mace ce mai jiki, mai nauyin tafiya, kuma mai kunyar suruki irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Malam", kuma ko za a yi yaya ba za ta zauna kusa da ni a gaba ba. Sai an kwantar da kujerar gaba ta sunkuya da ƙyar ta shiga baya, ta zauna a ɓangaren dama, ta ja mayafi.

Ranar farko da abin ya faru za mu suna Dogarawa, maƙwabcina mai shagon tireda yana gaba, Inna tana baya. Mun ɗan yi nisa kenan mota ta faɗa rami, fitilun gaban direba suka dushe, injin ya yi tari ya mutu, wani ƙauri ya cika mana hanci. Muka fito duka. Na duba injin ban ga komai ba. Na koma na murɗa makulli, ta tashi garau. Inna ta shiga, muka taɓa tafiya, ta sake mutuwa. Ƙarshe Inna ta ce mu je kawai, za ta hau tasi. Daga nan har Dogarawa motar ba ta ƙara ko atishawa ba. Mai tireda ya dube ni ya ce, "Malam, ka lura kuwa?"

Washegari na kai ta Muchia wurin rewaya, wato mai gyaran wutar mota. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, siriri, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Inna ce ma ta haɗa ni da shi. Shekarun baya da yake haya a Samaru, naƙuda ta zo wa matarsa da gardama ana ruwan sama babu abin hawa, Inna ta karɓi tagwayensa, ta ƙi karɓar ko sabulu. Tun daga nan duk inda ya gan ta sai ya rusuna ya ce, "Mama, ina da bashinki." Ita kuma ta ce, "Riƙe abinka, ba na karɓar tsaba."

Ya cire kujerar baya ya jingine ta da bango, ya duba batir, ya goge kawunansa, ya bi wayoyi da ƙwan gwajinsa, ya duba fiyus ɗaya bayan ɗaya. Muka zaga Sabon Gari, muka shiga duk ramin da muka gani da gangan. Lafiya lau.

"Malam, motarka ta fi ni lafiya," ya ce. "Ko dai addu'arka ce ta yi mata yawa?"

Na yi dariya, amma da na sake ɗaukar Inna abin ya maimaita, wannan karon a bakin layinmu, a gaban majalisar da ke ƙofar shagon mai tireda. Kowa ya ga ta fito, kowa ya ga mota ta tashi. Na sake komawa Muchia, ya canza mini wasu wayoyi, ya ce bai ga laifi ba.

Magana ta fara yawo. Da farko wasa ne, wai ƙarfe ba ya ɗaukar Inna. Daga baya aka fara tuno jariran da suka koma a hannunta cikin tsawon shekaru, ana lissafa su a ɓoye. Kalmar da ake nufi ba a faɗe ta a gabana ba, amma na san ta, kuma na san abin da take yi wa tsohuwa a unguwa in ta manne mata. Matar wani tela da ke gida na uku da namu ta haihu, aka tsallake ƙofar Inna aka ɗauko wata daga nesa. Matata ta daina cin abinci sosai. Inna kuwa na ga ta wanke 'yar jakar aikinta ta rataye a bayan ƙofa.

Ni ban yarda da zancen ba, Allah ne shaida. Amma tsoro ba ya neman yardar mutum. Na karanta abin da na sani na tofa a motar, na kuma rasa abin da zan ce wa mutane, domin abin da suka gani da idonsu gaskiya ne.

Sai ƙafar Inna ta kumbura, ya zama dole a kai ta wani asibiti a Sabon Gari. Ta ce a nemo tasi. Matata ta ce in aka nemo tasi alhali ga mota a ƙofar gida, an tabbatar wa mutane zancensu. Inna ta ce, "Bismillah," ta shiga baya, matata ta zauna gaba.

Na riƙe sitiyari kamar mai ɗauke da ƙwai. Mun wuce Kwangila, wata babbar mota ta matse ni, na faɗa rami da ƙarfi. Na ji wani "tas" a bayana. Da na waiwaya, hayaƙi ne fari yake fitowa ta gefen zanen Inna. Matata ta ƙwalla salati. Na taka birki, na zagayo da gudu, na fizgo matata waje, na kama kujerar gaba in kwantar da ita, ta ƙi. Na kasa gano 'yar maƙalar da nake taɓawa kullum. Inna tana tari, tana "Innalillahi", tana ƙoƙarin tashi, ƙafar ta ƙi ɗaukarta. A bayanta ga inji da bututun fetur. Ban san lokacin da maƙalar ta saki ba. Na kama hannuwan surukata biyu, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata, na jawo ta muka faɗi tare a bakin kwalta. Masu faci suka zo da yashi. Hayaƙin ya lafa da kansa tun kafin su zuba. Gefen zanenta ya babbake kamar faɗin tafin hannu.

Bayan asibiti aka tura mana motar zuwa Muchia, Inna ta biyo mu a tasi don ta ƙi komawa gida ita kaɗai. Rewaya ya ga zanen, fuskarsa ta canza.

"Mama, a ina kike zama?"

Ta nuna masa. Ya cire kujerar kamar yadda ya saba, zai jingine ta, sai ya tsaya. Ya kifa ta a ƙasa. Cushen cikinta ya zube saboda tsufa, sifirin ƙarfen da ke ciki duk a waje, biyu daga ciki sun yi baƙi sun narke daidai saman kan batir. Robar da ya kamata ta rufe kan babu ita.

Ya dafa kansa. "Kullum ni da hannuna nake cire ciwon in ajiye a bango, sannan in tsaya ina neman sa. Yaran shagona ba su da nauyi, ni ba ni da nauyi. Kai, Malam, wa ya sayar maka da wannan dogon batirin?"

Na ba shi labarin abin da ake faɗa a Samaru. Ya wanke hannu, ya rufe shago tun rana na sama, ya ce in ba shi makulli.

Mun iso layinmu an idar da la'asar, majalisa ta cika. Ya tsayar da motar a ƙofar shagon tireda, ya gaishe su, ya kwance waya ɗaya ta batir ya haɗa ƙwan gwajinsa a tsakani yadda wuta ba za ta tashi ba, ya mayar da kujerar. Ya shiga baya ya zauna a mazaunin Inna. Ƙwai bai kama ba. Ya fito ya dubi mai tireda.

"Alhaji, bismillah, kai ma Allah Ya yi maka jiki."

"Ni? Ina ruwana?"

"Tsoro kake ji? Ai mota ce kawai."

Aka yi ta zuga shi har ya shiga yana gunaguni. Yana sauke nauyinsa ƙwai ya haska. Ya ɗaga, ya mutu. Ya zauna, ya haska. Majalisa ta fashe da dariya, wani dattijo ya ce, "Ashe kai ma ƙarfe ba ya ɗaukarka!" Rewaya ya kifa kujerar a gabansu, ya bar kowa ya taɓa sifirin da yatsansa. Mai tireda ya fito yana share gumi, ya wuce soron gidanmu ya daɗe yana magana da Inna a tsugune.

Kafin magariba rewaya ya yanko robar tsohuwar taya ya rufe kan batir, ya shimfiɗa katako a ƙarƙashin kujerar. Da zai tafi ya rusuna a bakin soro.

"Mama, ina da bashinki."

Inna ta dube shi, ta dubi jakar da ke rataye a bayan ƙofa.

"Ka biya," ta ce. "Gai da tagwayena."