Layi Uku a Bakin Ƙwarya

Shekara ashirin da biyu Malama Christina ta yi tana koyar da zane a wata sakandare a Orozo, kuma duk ɗalibin da ya bi ta ajinta ya ji labarin ƙwaryar uwarta, ko yana so ko ba ya so. Uwar tata, can ƙauyensu bayan Kaltungo, da wuƙa take zanen ƙwarya. Ta sa ta a garwashi ta yi ja, ta bi bayan ƙwaryar da ita, hayaƙi na tashi. Tana da zanenta na kanta: layi uku masu ɗan lanƙwasa a bakin ƙwarya, da 'yan tsuntsaye a tsakani. Christina kaɗai ta koya wa.

Ƙwarya ɗaya ta rage bayan rasuwar uwar, ta ƙarshe da ta zana. Ita ma ta fashe ranar da Christina ta canza gida a Nyanya, mai kwasar kaya ya ɗora mata tukunyar gas. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, sannan ta lallashi kanta da cewa ai zanen yana hannunta.

To, hannun ne ya fara rawa. Da farko shayi ke zuba, daga baya alli ya daina bin umarninta. Sai ta bar zane a allo, ta koma kwatance da baki. Saura shekara biyu ta yi ritaya, ba ɗalibi ɗaya cikin na yanzu da ya ga zanen nan da idonsa, kuma abin yana cinta ƙwarai.

Ana haka aka kawo kwamfutocin hannu goma sha biyu, wai da su za a riƙa darasin zane. Christina ta taɓe baki. Ina amfanin zanen da ba ya ƙamshin hayaƙi, ba ya ɓata hannu? Malam Nazeer, malamin kwamfuta, sa'an ɗanta na fari, shi ya yi ta binta.

"Madam, ki gwada dai. Akwai abin da ke gyara layi. Ko hannu ya yi rawa, zai miƙar."

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ta karɓi alƙalamin kwamfutar, ta gwada zanen uwarta. Layuka uku suka fito sumul, a miƙe kamar wayar lantarki. Yara suka tafa. Ita kuwa ta yi ta kallo, zuciyarta ba daɗi.

"Ba shi ba ne," in ji ta.

Mako guda tana yi tana gogewa. Ta yi ƙoƙarin saka lanƙwasar nan ta Mama da gangan, na'urar ta miƙar da ita. Kewar uwarta ta dawo mata sabuwa fil, har a cikin Keke Napep, a cunkoson Jikwoyi, sai ta samu yatsanta yana zane a cinyarta.

Ranar Juma'a, bayan an tashi, ta ce wa Nazeer, "Ɗana, kashe mini mai gyaran nan."

Ya kashe. Ta ja layin, hannun ya yi rawarsa son ransa. Da ta gama na uku sai ta ajiye alƙalamin. Ga bakin ƙwaryar da ta fashe a gabanta, lanƙwasa bayan lanƙwasa, ba abin da ya ragu. Duk shekarun nan ta ɗauka lanƙwasar ado ce.

"Ashe Mama ma hannunta na rawa," ta ce a hankali. "Ba ta taɓa faɗa mini ba."

Nazeer ya duba layukan, ya duba fuskarta. "Madam, in goge?"

"A'a. Tura wa yaran haka yadda yake."