Sunayen da Aka Ɗinke a Fata

Shekarar da ruwa ya sauko daga duwatsu ya kwashe rumfunan bakin ƙoramar Tamanrasset, ina da shekara goma sha ɗaya, hannuna ya fara faɗawa da alƙalamin kara. Da safe lekkol, wato makarantar boko, da rana kiwon awakin Inna, da la'asar gaban Malam. Washegarin ambaliyar, Baba Sale ya kira ni. Bakatsine ne mai sayar da shayi a unguwarmu ta Sersouf, kowa kuma ya san ya yi sojan ruwa a yaƙin basasar ƙasarsu. Mu yara a yashin ƙorama muke kwaikwayonsa: mu laɓe bayan tsohon kwanon rufi, ɗaya ya kayar da kwanon, mu fito da gudu muna harbi da kara.

Ranar bai yi mini wasa ba. Ya ce in ɗauko tawada. Jirginsu, in ji shi, ba irin manyan nan masu igwa ba ne da ke tsayawa nesa suna ɓarin wuta. Mai faɗin ciki ne, yakan kai sojojin ƙasa har gaɓa ya buɗe baki, kuma shi ke sakin ƙofar. Wata safiya harsashi na dukan ƙarfe, ofisa ya daka tsawa, Baba Sale ya saki ƙofa tun ba su kai tudu ba. Mutum bakwai suka nitse da kaya a bayansu, 'yan arewa da ba su taɓa iyo ba. Aka ce wa danginsu sun ɓace. "Rubuta sunan kowa da garinsu, ɗana. Su san ruwa ne ya ci su, kuma hannuna ne sanadi. Su yafe mini in za su iya."

Kwana uku ina rubutawa da ajami. Muka ba Kawu Illiya, ƙanen Inna, mai safarar dabino zuwa Maraɗi. Ya aza takardun a ka, ya ce, "Amana ce, Baba."

Bayan wata biyu Inna ta aike ni wajen baduku karɓo takalmi. Na tarar da guntayen takarda a gabansa, yana naɗewa yana ɗinkewa cikin fata. Na gane rubutuna, da karkatar nan da Malam ke tsawata mini a kanta. Baduku ya ce aikin Kawu ne. Samarin da ke haramar tsallaka teku zuwa Turai ke saye, an ce musu layar tsohon sojan da teku ta kasa ci ce. Ba a kuwa buɗe laya. Sunayen waɗanda ruwa ya cinye suke ratayawa a wuya.

Na tunkari Kawu ina kuka. Ya murɗe mini kunne. "Matattu na jiran wasiƙa ne? Ka buɗe baki, uwarka ce za ta sha kunya." Sai na ɓoye maganar. Duk sanda Baba Sale ya tambaye ni ko sun isa, in ce sun isa. Shekara tara ina shan shayinsa, shi kuwa yana ɗaukar shirun dangi a matsayin ƙin yafewa.

Sai da na fara bin mota kudu na faɗa masa gaskiya. "Ashe ba ƙi suka yi ba," ya ce. "Kana tune da sunayen?" Na karanto masa bakwai ɗin a jere. Na sake rubutawa, na kai da ƙafata. Gida huɗu na samu. A ɗaya, wata tsohuwa ta sa na maimaita sunan wanta sau uku, sannan ta ce a gaya masa ta yafe. Da na kawo masa saƙon ya riƙe hannuna, ya ce shi ma ya yafe mini. Kawu har ya koma ga Allah bai nemi gafarar kowa ba.

Yau saƙo kan isa Katsina kafin ka mayar da waya aljihu. A wancan zamanin sai ka damƙa shi a hannun mutum, ka koma gida kana addu'a. Allah ya jiƙan Baba Sale, ya daɗe yana jira.