Rigar Layun Babana

Babana sojan Faransa ne. Daga Damagaram suka kwashe shi zuwa yaƙin Indoshin, lokacin da mulkinsu ke zubewa ta ko'ina. Ya sha gaya mana: suna cikin laka suna harbi, ashe manyan sun riga sun zauna a tebur sun raba ƙasar. Kafin labari ya iso musu, amininsa ya faɗi. Shi kuwa ya komo da ransa, da rigar layu da yake sawa ƙarƙashin kakin soja. Rigar ita ce gadona. Da na tare wurin ɗiyata a La Courneuve, can Faransa, a ƙasan akwati na taho da ita.

Jikata, mai karatun tarihi a Lyon, ta yi ta naci sai na kai wa malamarta ta gani. Gani kawai, in ji ta. Na hau jirgin ƙasa na je.

Baturiyar ta yi fara'a, har da "sannu" ta koya. Ta shimfiɗa rigar bisa tebur, ta sa safar hannu fara, wai kada ta ɓata ta. Rigar da ta sha zufa da jini! Ta tambayi yaƙin, na ba ta labari, jikata tana fassarawa. Can sai na ga ta ɗauko ɗan almakashi.

Na ce, "Ke, me za ta yi?"

"Kaka, guda ɗaya za ta buɗe, ta karanta rubutun ciki. Za a mayar."

"Laya ake buɗewa? Uban wa ya koya miki?"

"Kaka, don Allah. Aikina duka a kan wannan yake."

"Sun ɗauki mutum ba su tambaye shi ba, sun gama sulhunsu ba su gaya masa ba. Yanzu abin da ya rage tsakaninsa da Ubangijinsa suke so su leƙa? Faɗa mata haka. Kada ki rage ko kalma."

Ba ta faɗa ba. Na gani a fuskar matar, murmushi take yi har lokacin.

Na fizge rigar, na zura ta bisa kayana, na ɗora mayafi, na ce a kai ni tasha.

Wata huɗu jikata ba ta kira ni ba. Ni ma ban neme ta ba. Da ita na yi niyyar bar wa rigar. Yanzu na gaya wa uwarta gaban shaidu: ran da na mutu, a kai wa ƙanena Damagaram, layun nan a ɗinke.