Saƙon Kawu a Kwandon Gaisuwa

Abokina likitan dabbobi ne, yana da shagon magani kusa da kasuwar Daura. Saƙonnin waya sun yi masa yawa, sai na rubuta masa 'yar manhaja mai rarraba su: na ciwo ta tura masa nan take, na gaisuwa ta amsa da kanta. Na yi ta cika baki a majalisa. Har kawuna, manomi a wani ƙauye ta wajen Mai'adua, na ba shi lambar, na ce ko atishawa akuya ta yi ya rubuto.

Sharaɗin da na sa a sama shi ne, in saƙo na ɗauke da sallama, gaisuwa ce, a mayar da godiya. In babu sallama, sai a duba ko akwai maganar ciwo. Ni da aka haifa a garin nan na manta cewa babu dattijon da zai faɗi damuwarsa bai tambayi gida da iyali ba. Ita kuwa manhaja da ta ga sallama ta gama aiki, ba ta karanta sauran.

Farkon damina cikin bijimin huɗar Kawu ya kumbura. Ya zauna ya lallaɓa saƙo da yatsa ɗaya: sallama, ya aiki, ya iyali, can ƙasa bijimi ya ƙi tashi. Amsa ta dawo cewa an gode da gaisuwa. Ya ɗauka likita ya gani, ya jira. Da ya ji shiru sai ya zaci gaisuwarsa ce ba ta cika ba, ya sake rubutawa, ya ƙara mata tsawo. Kafin ya yanke shawarar hawa babur ya zo da kansa, sai wuƙa aka sa wa bijimin.

Ban farga ba sai da likita ya yi ba'a cewa dabbobin samari kaɗai ke ciwo, dattawa sai gaisuwa. Nan take na koma kan manhajar. Na buɗe kwandon da take tara saƙonnin gaisuwa, na ga saƙonnin Kawu a jere da na wasu dattawan. Gyaran bai kai shan kofin shayi ba: na ɗaga sharaɗin ciwo sama, na sauke na gaisuwa ƙasa. Sauƙin gyaran ya fi komai yi mini ciwo.

Na je ƙauye na tarar da shi yana huɗa da aron bijimin maƙwabci. Na yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe.

"Ba komai, ɗana," ya ce. "Ashe ita na'ura ba ta son doguwar gaisuwa. Ni ne ban sani ba."

Na rantse masa an gyara, na ce ya ci gaba da gaisuwa yadda ya saba. Ya gyaɗa kai kawai.

Bayan girbi saƙonsa ya sake shigowa, likita ya miƙo mini wayar. Babu sallama, babu ya iyali. "Tunkiya ba ta cin abinci."